Gidan Da Ba A Faɗuwa

"Ka faɗi? A gidana?"

"Ba a gidanki na faɗi ba, Mama. A makaranta ne."

"Rufe min baki. A ina kake kwana? Ruwan famfon wa kake sha? Wutar wa kake karatu da ita?"

Dogo yana tsaye a bakin ɗakinsa, hannu ɗaya a kan ƙyauren, kamar mai tsoron a cire shi a tafi da shi. Mama, mai gidan, tana tsakar gida, bokitin fenti a gabanta. Ta zo ne ta gaya masa shekararsa huɗu ta cika, ta sayi fenti, kuma wani dattijo ya riga ya zo nema wa ɗansa ɗaki. Shi kuma ya buɗe baki ya ce mata ai bai gama ba, ya faɗi jarrabawar ƙarshe, sai ya maimaita shekara.

"Tun da maigidana ya rasu nake zuba ɗalibai a gidan nan," in ji ta. "Ba a taɓa faɗuwa ba. Ko wancan mai barcin da sai an watsa masa ruwa yake tashi, ya ci. Sai kai, mai shiru-shiru kamar na Allah."

"Ƙaddara ce, Mama."

"Ƙaddara tana da adireshi ne da za ta tsallake gidaje goma ta faɗo nawa?"

Bai shirya wa wannan ba. Shi tausayi ya yi tsammani.

Gaskiyar maganar ita ce Dogo bai faɗi komai ba, don bai taɓa zana jarrabawar jami'a ba. Sakandare ya gama, da sakamakon da ko shi ba ya son kallo. Aikinsa kwafin takardu a wani ɗan shago da ke cikin jami'ar, bayan ɗakin karatu, shi da inji guda mai tari kamar tsohon mashayin taba. Kafin ya samu ɗakin nan, a falon yayansa yake kwana, a kan tabarma tsakanin kujera da firij, ba ya kwanciya sai baƙi sun tafi, ba ya kuma wuce asuba sai 'ya'yan yayan sun taka masa kai.

Mama kuwa tana da doka guda, duk unguwar an santa da ita: ba ta ba kowa haya sai ɗalibi. Dalilinta a fili yake. Ɗalibi yana da ranar tafiya. Amma ka ba ma'aikaci ɗaki, bana ya kawo kujera, baɗi ya kawo mata, bayan nan sai ka ji kukan jariri, shi ke nan ka yi maƙwabci har kabari.

Ranar da ya zo neman ɗakin ta dube shi daga takalmi zuwa jaka ta ce, "A jami'a kake?"

Ya ce, "E." Kuma bai yi ƙarya ba. Kullum a can yake wuni.

"Me kake karanta?"

A nan ne ƙafar ta zame. Ran nan tun safe yake kwafin takardun sashen Labarin Ƙasa, sunan yana manne a idonsa. Ya faɗa. Ta miƙa masa makulli.

Ɗakin ba wani abu ba ne. Katifa, tebur mai ƙafa ɗaya gajera da ya tallafe da murfin kwalba, ƙusa uku a bango, taga mai kallon igiyar shanya. Amma ƙofa gare shi, ƙofar kuma tana da makulli, makullin kuma a aljihunsa yake kwana. Wanda bai taɓa kwana kusa da firij ɗin wani ba, ba zai gane ba.

Sauran 'yan hayan duk sun sani. Yaya ba za su sani ba, a wurinsa suke kwafi. Sun rufa masa asiri, shi kuma ya riƙa manta karɓar kuɗinsu. Mama dai ba ta taɓa taka ƙofar jami'a ba, ta ce gidan mutane ne, ba a gayyace ta ba. Da safe ta gan shi ya rataya jaka ya fita, ta ce, "Allah ya ba da sa'a, ɗana." Ya ce amin. A jakar akwai burodi da tsumman goge inji.

Shawarar faɗuwar ma ba tasa ba ce. Ta Lauya ce, ɗalibin shari'a da ke ɗakin kusa da nasa, wanda tun bai gama aji biyu ba yake magana kamar alƙali na sauraronsa.

"Ka ce ka faɗi," in ji Lauya. "Rabin ajinmu sun faɗi, ba wanda ya mutu. Tsohuwa ce, za ta ji tausayi, ta ƙara maka shekara."

"Bayan shekarar fa?"

"Ka sake faɗuwa. Kai da ba ka da abin asara."

To, ga shi ya faɗi. Mama ta ɗauki bokitin fentinta ta shige, ta bar shi da ƙyaurensa. Ba ta ce ya zauna ba, ba ta ce ya tashi ba.

Washegari ta aiko aka karɓe rediyonsa. Da ya dawo aiki da yamma ya tarar ta sa an fito da teburinsa tsakar gida, daidai inda take zama tana tsince wake, har da murfin kwalbar an sa masa a ƙafa.

"Zauna. Karanta da ƙarfi in ji."

"Mama, da Turanci ne."

"Na ce ka fassara min ne? Kunnena ya san mai karatu, ya san mai ƙunƙuni."

Ya lalubo wasu takardun da injin ya ɓata, waɗanda yake naɗe burodi da su, ya fara. Shekara huɗu yana juya littattafan Labarin Ƙasa a kan gilashin inji, ya san bangon kowanne, ya san wanda shafinsa na tsakiya ke ɓallewa, ya san wanda ke shan tawada. Abin da ke cikinsu ne bai taɓa dubawa ba. Ya riƙa tuntuɓe da kalmomi kamar makaho a kasuwa. Lauya ya leƙo ta tagarsa, ya koma, ana jin gadonsa na girgiza.

Mama ta saurara har ya kai ƙarshen shafi, ta girgiza kai. "Lallai ka faɗi."

Abin mamaki, maganar ta yi masa ciwo.

Kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka. Mai shagon ƙofar gida ya ba shi sabulu ya ce, "Sai haƙuri, Dogo, haka boko yake." Matar da ke sayar da ruwan sanyi ta ce ɗan ƙanwarta ma sau biyu ya maimaita, yanzu ga shi da mota. Wata maƙwabciya, wadda ita ma take da ɗakunan haya kuma ba sa ga maciji da Mama, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi jaje da murya mai kaiwa layi na uku. Dogo ya riƙa karɓar gaisuwa yana sunkuyar da kai. Ya kama kansa wata rana a shago, injin na tari, shi yana tagumi, zuciyarsa a ƙuntace saboda shekarar da ya yi asara. Sai da ya tuna wa kansa cewa ƙarya ce.

Da ya tsaya a nan, da wataƙila ya sha. Bakinsa ne bai tsaya ba. Mutumin da bai cika magana ba, ranar da ya samu mai sauraro, sai Allah.

Wata yamma Mama ta ajiye farantin wakenta ta ce, "Gaya min tsakaninka da Allah. Wasa ka yi, ko mace ce?"

Mace. Shi da ko injin shago sai ya ga dama yake amsa masa. Amma ya ga idan ya ce wasa ne, ɗakin ya tafi. Sai ya ce, "Wani malami ne, Mama."

"Me ya yi maka?"

"Ba ya ƙaunata."

Ya ga fuskarta ta sauya, ta ɗan matso. Sai ya ƙara. Ya ce malamin mai sanƙo ne, da tabarau a kan hanci. Ya ce tun shekarar farko ya sa masa ido don ya taɓa gyara masa kuskure a gaban aji. Ya ce ranar jarrabawa ya rubuta har biro ya ƙare, ya ari wani. Ya ce da ya je ofishinsa neman bayani, mutumin ko kai bai ɗaga ba, ya ce masa, "Irinku ba ku dace da nan ba." Wannan ta ƙarshen da ya faɗe ta sai da muryarsa ta yi rawa, don ita kam ya sha jin ta, ba daga bakin kowa ba, daga nasa kan, kullum in ya shiga ƙofar jami'ar da jakar burodi.

A ransa kuwa yana yaba wa kansa. Ashe yana da baiwa.

"Irinku," Mama ta maimaita. "Ɗan gidana."

"A bar shi da Allah, Mama."

"Za a bar shi da Allah. Bayan na gan shi."

Da safe ya fito da jakarsa ya same ta a tsaye a bakin ƙofa, ta sa kayan fita, da takalmin da ba ya barin akwati sai da dalili, da jaka a hammata.

"Mu je."

"Ina, Mama?"

"Wurin mai sanƙon. In ya nuna min takardarka na ga zalunci ne, ɗakinka naka ne har ka gama, ko shekara nawa ce. In wasa ka yi, ka kwashe kayanka yau, gobe a yi fenti. Uban yaron nan jiya ma ya dawo."

"Ba a barin iyaye su shiga."

"Ni ba uwarka ba ce, mai gidanka ce."

"Wataƙila ma ya yi tafiya."

"Sai mu jira shi. Na karya."

Ya waiga ɗakin Lauya. An ja labule. A hankali ma ya ji an murɗa makulli daga ciki.

Suka kama hanya. Layin nan da yake bi kullum cikin 'yan mintuna, ran nan ya ƙi ƙarewa kuma ya ƙi daɗewa. Suka wuce masu gyaran waya, suka wuce gidajen haya masu allon "ba ɗaki" a ƙofa. Yana tafe yana lissafin mafita. Ya faɗi a sume? Ta san suma, ta yi renon ɗalibai. Ya gaya mata gaskiya? Ya buɗe baki sau biyu, sau biyun falon yayansa ya faɗo masa a rai, da ƙugin firij ɗin, sai ya rufe. Gaba kura, baya sayaki, shi kuma a tsakiya da burodi a jaka.

A ƙofar jami'a mai gadi ya ɗaga masa hannu. "Dogo, yau an makara."

"Ka gani," in ji Mama, "har masu gadi sun san ka da zuwa da wuri. Yaron kirki za a zalunta."

Ta riƙa kallon gine-ginen tana gyaɗa kai, kamar mai duba gidan da za ta saya. Ta ce ciyawarsu tana son aski. Ta tambaye shi a wane aji yake zama, ya nuna wata taga a bene na biyu, wadda ya san ta ma'ajiyar tsintsiya ce. Da suka zo kusa da ɗakin karatu ya karkata da ita ta wata hanya, don kada ta ga shagon, da layin ɗaliban da ke jiran ya buɗe.

Sashen Labarin Ƙasa a sama yake. Ta hau matakalar a hankali, tana riƙe da ƙarfe, tana hutawa, ba ta yarda ya karɓi jakarta ba. Sai a nan ya lura da yadda ƙafarta ta kumbura a cikin takalmin. Saboda shi ta sa takalmin nan. Ya kau da kai.

Suka fito doguwar baranda mai ƙofofi a jere, kowace da suna a jikinta. Ya san su duka. Ya san mai son a yi masa kwafi gaba da baya, ya san mai cewa tawada ta yi haske, ya san wanda ke kiransa "ɗan kwafi" da wanda ke kiransa "abokina". Ba wanda ya taɓa yi masa ko kallon banza a cikinsu.

Wata ƙofa ta buɗe. Malamai uku suka fito, suna shirin tafiya aji. Biyu daga ciki masu sanƙo ne. Duka ukun da tabarau.

Na gaban ya gan shi ya yi murmushi. "A'a, Dogo. Yanzu nake shirin aika maka. Wannan mahaifiyarka ce? Sannu da zuwa, Mama."

Mama ba ta amsa gaisuwar ba. Ta tsaya ta daidaita numfashinta, ta gyara jakar a hammata, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, daga takalmi zuwa kai. Su ma suka tsaya, suna kallonta, suna kallonsa. Sannan ta juyo gare shi, ta sassauta murya yadda ba ta taɓa yi masa ba.

"Kada ka ji tsoron kowa, ɗana, ina nan. Wanne ne a cikinsu?"