Hoton da Ya Manne da Gilashi

"To ina suke zuwa?" in ji maigidana. "Kin ce mutane na shigowa shafin. In suna shigowa, ta wace ƙofa suke fita ban gan su ba?"

"Ta inda suka shigo, Likita. Su leƙo, su juya. Ko gaisuwa babu."

"Marasa tarbiyya," ya ce, ya sunkuyo ta kan kafaɗata yana ƙura wa allon kwamfutar ido, kamar zai gane fuskar wani a cikin layukan da ke hawa da sauka.

Likita nake ce masa saboda aikinsa jinyar tsofaffin hotuna ne, waɗanda ruwa ya ci, ko gara, ko rana ta kwashe musu kala. Shi kuma Injiniya yake ce mini, don gina wa mutane shafin intanet ne sana'ata. A shagonsa muka fara haɗuwa, ranar da na kawo hoton kakata da ya dusashe. Na tsaya ina kallon yadda yake bin fuskarta da ɗan burushi mai laushi, yana riƙe numfashi kada ya hura mata ƙura. Na ce a raina, wanda ke lallaɓa takarda haka, ina ga mutum?

Amma yanzu shagon na neman mutuwa a hannunmu. Sana'ar gadon mahaifinsa ce, ginin kuwa na yayansa ne, kuma Yaya ya gaji da ganin ƙofa a buɗe ba mai shiga. Ya ce in wata ya ƙare ba a ga motsi ba, zai kwashe teburin da fitilar da kwalaben sinadari, ya zuba kayan waya, ƙanen nasa ya tsaya masa a kanta. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa ma ta fi ciwo. Tun ranar Likita yake share teburin nan sau da yawa fiye da yadda ƙura ke sauka.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne na yi duk abin da na sani. Hotunan da ya fara ba ni nauyi gare su kamar buhun siminti, shafi ya yi ta juyi bai buɗe ba, sai da muka yi 'yar tsama kafin ya yarda na rage musu nauyi. Na ɗaga maɓallin kira zuwa sama, inda babban yatsa zai same shi ba lalube. Na sa adireshi da taswira da lokacin buɗewa. Kullum da safe ina ɗora hoto ɗaya a dandalin sada zumunta, mutane su danna alamar so, su rubuta cewa ya yi kyau, su wuce. Wayar shago kuwa shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Mai sayar da takalma da na yi wa shafi har ya ƙara ma'aikaci, ga nawa mijin yana hira da ƙudaje.

"Saura dabara ɗaya," na ce masa. "In shafi ya gagare ni, nakan miƙa wa wanda bai taɓa ganinsa ba, in koma gefe in yi shiru, in kalli inda yatsansa zai je."

"Shiru? Ke?"

"Kai ne abin ji. Ko ta ɓace a ciki, ko ta zage mu, ba za ka ce uffan ba."

"Ta? Wa kika zaɓa?"

"Gwaggo."

Ya dafe kai. "Ashe zagin tabbas ne."

Washegari da hantsi muka same ta a ɗakinta. Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ce, ta yi aikin jinya a asibiti har ta yi ritaya, kuma har yau kowa ya shigo sai ta duba masa fatar ido. Fankarta na juyawa tana ƙara, kwalaben magani jere a kan taga, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. Wayarta ta tsage a kusurwa, irin wayar da nake so ke nan, don a kan irinta yawancin mutane ke ganin aikina.

"Gwaggo, wasa za mu yi," na ce. "Ki ɗauka kina da hoton da ya lalace, kina neman mai gyara a waya. Ba ki san ɗanki ba, ba ki san ni ba."

"Wannan ai ba wuya, da ma ba kwa zuwa." Ta saka tabarau. "Kuma ba sai na ɗauka ba, 'yata. Ina da shi."

Likita ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Ba ta rubuta komai ba. Ta danna alamar magana, ta kai wayar bakinta kamar mai kiran wani daga nesa. "Hoton mijina ya jiƙe ya manne da gilashi, yaya zan yi?"

A saman shafinmu, da manyan baƙaƙe, abin da muka rubuta shi ne cibiyar farfaɗo da hotuna da adana tarihin iyali. Mun ɗauki lokaci muna zaɓen kalmomin, har muna yaba wa juna. Babu jiƙa a ciki, babu mannewa, babu gilashi. Wayar ta kawo mata masu sayar da firam da wani mai gyaran tagar mota. Mu ko ƙeyarmu ba a gani ba.

"Babu," in ji Gwaggo. "Na ci wasan?"

"Da saura." Na karɓi wayar na buɗe mata shafin da kaina, na mayar mata.

Ya buɗe da sauri, wannan kam na ji daɗi. Ta fara ja da yatsa. Ga wani dattijo da rawani fes, ga amarya da ango kamar jiya aka ɗauke su, ga yara uku a kan benci kowa da dariyarsa. Duk aikin hannun Likita ne, kuma na san daren da kowane ya cinye masa. Ina jin numfashinsa a bayana.

"Masha Allah," ta ce. "Masu kyau." Ta ƙara ja, ta ƙara, sai ta kife wayar a cinya. "To, na fita."

"Me ya sa, Gwaggo?"

"Ai waɗannan masu lafiya ne. Wannan wurin masu ɗaukar hoto ne, ko masu sayarwa. Nawa ya wuce nan."

"Gwaggo, duk ɗin nan fa a lalace suka zo!" Likita ya karya alƙawarin shiru. "Wancan dattijon rabin fuskarsa babu. Amaryar nan gida biyu aka kawo ta, a yage."

Ta dube shi ta saman tabarau. "To ni ina na sani? Duba nake yi?"

Na juya na kalle shi, sai a lokacin abin ya faɗo mini. Tun da na fara aikin shafin, bai taɓa ba ni hoto ko ɗaya a yadda ya zo ba. Na taɓa tambaya, ya ce babu, na ɗauka bai ajiye ba ne. A shago ma, da zarar an kawo aiki yakan lulluɓe shi da farin ƙyalle, ba ya ɗagawa sai ya rage shi kaɗai, ko shi da mai hoton.

"Likita, kana da su, ko?"

"Ina da su." Ya sunkuyar da kai. "Baba ya ce hoton da ya lalace majinyaci ne. Ba a yaye masa mayafi a gaban jama'a. Mutum ya kawo maka mahaifiyarsa da tabon ruwa a fuska, sai ka baje ta duniya ta gani?"

Wannan halin nasa ne ya sa na so shi, ga shi kuma shi ne ke rufe masa ƙofa. Na ji ƙwalla na taruwa, na rasa ta wanne ce a cikin biyun.

Gwaggo ta miƙe da ƙyar, ta durƙusa gaban gado, ta jawo wata tsohuwar akwati. Daga ƙarƙashin zannuwa ta fito da wani abu naɗe a tawul, ta ajiye a kan tebur ta warware.

Ita ce da marigayi mijinta, suna matasa, a tsaye jikin wani keke. Ita ta fito sarai, siririya, tana hararar mai ɗaukar hoton. Shi kuwa ruwa ya shiga ta saman firam ya sauka daidai kansa. Daga goshi zuwa haɓa takardar ta manne da gilashin, ta yi wani fari-fari kamar hazo, sai kunne ɗaya da gefen murmushi suka tsira.

"Rufin tsohon gidanmu ne ya yi yoyo," ta ce. "Shi kaɗai ne hotonsa da nake da shi. Wani lokaci ina so in tuna yadda hancinsa yake, sai in kasa."

"Gwaggo!" in ji Likita. "Shekara nawa ina wannan aikin? Me ya hana ki kawo mini?"

"Kullum na zo shagonka masu kyau nake gani a bango. Na ce nawa gawa ne, kada in ɗora wa yaro abin da zai ji kunyar cewa ba zai iya ba."

Ya jawo kujera ya zauna, ya ciro gilashin ƙara girma daga aljihu, don ko gidan biki ba ya zuwa ba shi. Ya karkata firam ɗin wajen hasken taga, ya daɗe yana kallo. Ni da Gwaggo muka matso har kawunanmu na gogar juna.

"Kin taɓa gwada ɓamɓare shi?"

"Sau ɗaya na fara, na ji yana ƙara, na bari."

"Allah ya taimake mu da kika bari. Fuskar tana nan, a jikin gilashin take. Ba za a ja ba. Sai an fara ɗaukar hotonsa ta cikin gilashin tukuna, ko da wani abu zai faru, sannan a bi shi a hankali." Ya ɗago, idonsa na ƙyalli. "Ga hancin nan. Dogo ne."

Gwaggo ta toshe baki da gefen mayafi. Da ta sauke, sai ta koma Gwaggonta.

"To ji nan, ɗan nan. Ni na yi jinyar mutane, ba takarda ba. Gaskiyar babanka ne, ba a yaye wa majinyaci mayafi. Amma ana tambayarsa. Sau nawa likita ya ce wa mutum, ka yarda ɗalibai su ga ciwon nan don su koya? Wani ya ƙi, wani ya ce bismillah. Babanka kunya ce ta yi masa yawa, ko ruwa zai sha a gidan mutane sai an haɗa shi da Allah. Kai ka taɓa tambayar mai hoto ko ɗaya?"

"Ban taɓa ba."

"To ni ba sai ka tambaya ba. Ku nuna shi yadda yake. Wata tana can da nata a ƙarƙashin gado."

"In kuma na kasa fa? A gaban kowa?"

"Sai su ga ka gwada," na ce. "Zan rubuta a sama da kalmomin Gwaggo, yadda ta faɗa wa wayar. Wanda ya ƙi a nuna nasa, ƙyallenka na nan."

Ya dubi hoton, ya dubi tawul ɗin da ke gefe. Hannunsa ya kai kan tawul ɗin kamar zai rufe, ya tsaya. Fanka na ta ƙararta. Sai ya naɗe shi ya miƙa wa Gwaggo.

"Injiniya, ɗauko wayarki ki fara ɗauka tun daga nan, kafin in taɓa shi. Da na Gwaggo za mu fara. Gobe kuma zan kira duk wanda na taɓa yi wa aiki, ɗaya bayan ɗaya, in tambaye shi."