Jirgin 'Yan Ritaya Ya Biyo ta Layinmu

Wani mafarki na yi daren jiya, kuma har yanzu gwiwoyina ciwo suke saboda shi.

Na gan ni da hantsi a tsaye a ƙofar gidana a Funtuwa, wata huɗu ke nan da na ajiye aiki a gidan waya, inda na shekara talatin da biyar ina buga wa wasiƙu hatimi. Sai ga jirgin ruwa ya karyo kwana ya shigo layinmu. Fari ne, hawa tara. Da yake babu teku a Funtuwa, ya taho da nasa. Ruwan yana biye da shi a ƙarƙashi, faɗinsa bai fi na jirgin da taku biyu ba, kuma duk inda ya wuce sai ƙasa ta koma busasshiya. Mai kayan miya ya ja tirensa gefe, bai ko ɗaga kai ba.

Wani zalɓe mai farar hula ya leƙo daga can sama. Shi ne kyaftin.

"Malam Barau na gidan waya?"

Na ce ni ne.

"Jirgin 'yan ritaya ne. Tsibirin Hutu za mu, sai dai akwai tashoshi a hanya. Hau, mun daɗe muna jiranka."

Kafin in ba shi amsa matata Marka ta fito da mayafinta da wata jakar fata a hannu. Na san jakar. Tun satin bikinmu ta ɗaure ta, ranar da na ce mata zan kai ta ta ga teku. Daga baya na ce sai na samu hutun shekara, daga baya na ce bari yara su gama makaranta, daga baya na ce in na yi ritaya. Da na yi ritayar kuma na ce sai gobe, bari in huta tukuna. Ta wuce ni ta hau.

A bakin shiga akwai sikeli irin na 'yan hatsi. Ba tikiti ake dubawa ba, gajiya ake aunawa. Na hau, wata tunkiya mai tabarau ta duba allurar ta ce, "Buhu uku da rabi. Hawa na biyu." Marka ta hau, allurar ta zagaya sau biyu ta faɗo ƙasa. Tunkiyar ta miƙe tsaye ta rusuna.

"Hajiya, hawa na tara. A kawo mata inuwa."

Na ce, "Ai matata ce, tare muke."

"To me ya sa ba tare kuka gaji ba?"

Aka wuce da Marka sama.

Ɗakina mu biyu ne, ni da wani Sajan Mamuda, tsohon ɗan sandan da ya ƙare aikinsa yana ba motoci hannu a mahaɗar titi. Hannunsa na dama a ɗage yake, tafin a buɗe, ya ce tun ranar da ya miƙa kakinsa ya ƙi sauka. Da hagu yake cin abinci yana ta neman gafara. Gadajenmu biyu a jingine suke da bango, a tsaye.

Na ce, "Sajan, yaya ake kwanciya?"

"Ba a yi. Su ma gadajen sun yi ritaya."

Muka fita sarari inda aka jera kujerun shan iska, sun fi ɗari, kowace da matashi. Na zaɓi wata na juya mata baya na fara lanƙwasa gwiwa, sai ta taka a hankali ta matsa gefe. Na bi ta, ta ƙara matsawa. Ba gudu take ba, ita ma da ɗingishi take tafiya. Duk faɗin wurin tsofaffi ne, malaman makaranta da ungozomomi da direbobin jirgin ƙasa, kowa rabin zaune rabin tsaye, yana bin kujera da baya. Babu mai ƙorafi. Wata tsohuwar nas ta ce mini tun Gusau take bin tata, har sun fara sabawa.

Jirgi ya tsaya a tashar farko. Sunanta Litinin, kuma kullum a can ƙarfe bakwai da rabi ne na safe. Ba wanda ya kira mu, amma muka ga kanmu muna neman takalma. Muka ruga ƙasa muna haki, muna gyara hula, muka yi layi a gaban wani tebur da babu kowa a bayansa. Kowa ya ce ina kwana ranka ya daɗe, ya juyo. Muka hau jirgi da gumi sharkaf.

Sajan ya ce, "Alhamdu lillahi, ba mu makara ba."

Daga nan muka bi ta cikin rairayi, jirgi yana hawa tudu yana gangarawa, raƙuma suna biyo mu suna shan gefen tekunmu, kyaftin yana korar su da hula. Muka ratsa wata kasuwa ta tsakiya, ba mu jiƙa ko ƙwaryar gero ɗaya ba. Kifaye suka yi layi a tagar ɗakinmu suna kallonmu, wata uwar kifi tana nuna ni ga 'ya'yanta tana yi musu bayani.

Aka yi shela cewa a fito a ga manyan biranen duniya. Na fito da sauri, don sunayensu na sani tun ina saurayi, na sha jefa wasiƙunsu cikin buhu. Ga Jidda, ga Alƙahira, ga Istanbul, duk muka wuce ta gabansu. Sai dai kowane birni bai fi kan sarki girma ba, gefensa da 'yan haƙora, kuma an riga an danna masa hatimi a fuska. Na duƙa na duba. Hatimina ne, na gane shi, don lambar bakwai ɗinsa ta ɗan karye.

A lokacin na ji dariya daga sama. Ta Marka ce. Rabon da in ji ta yi irin wannan dariyar tun kafin a haifi autarmu, kuma na kasa tuna ko ni na sa ta yi a wancan karon. Na nufi matakala. Na hau ashirin, na ga na fito ɗakin injin. Na koma na hau arba'in, na fito ƙasan ɗakin injin, inda wasu kunkuru suke tura jirgin da kafaɗa. Ɗaya ya ce in ba aikin da nake yi in kama musu. Na kama musu na ɗan lokaci, don ban iya cewa a'a ba.

Na sami kyaftin yana tsaye da ƙafa ɗaya yana tuƙi da ɗayar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, saƙo nake so a kai wa matata hawa na tara."

"Rubuta. Cikin sati uku zai isa, in bai ɓata ba."

"Sati uku? Ga ta nan sama da kanmu."

Ya dube ni da ido ɗaya. "Malam Barau, kai ma ka san aikin."

Tasha ta biyu ba ta da allo, amma kowa ya san sunanta Gobe. Gari ne babba mai tsabta, kuma mutanensa duka waɗanda aka taɓa ce wa su je su dawo gobe ne. Suna tsaye a bakin ruwa cikin kayan fita, kowa da 'yar takarda a naɗe a hannu. Da yawa sun gane ni. Wani dattijo ya ɗago mini hannu, na tuna shi, shi ne mai zuwa tambayar wasiƙar ɗansa da ya tafi ci-rani. Sau nawa na sallame shi ban ko waiwaya na duba akwatin ba, ban sani ba.

"Malam Barau! Yaya aiki?"

"Baba, na ajiye."

"Madalla. To ba komai, na zo gobe."

Babu fushi a muryarsa, kuma wannan ya fi damuna.

Sai guɗa ta tashi. Aka sauko da wata matakala daga hawa na tara har ƙasa, aka shimfiɗa mata darduma. Marka ce take saukowa da jakarta. Matan garin suka taho suka karɓi jakar, suna cewa sannu da zuwa uwar gari, ga gidanki can an share. Na tambayi tunkiya mai tabarau abin da ake ciki, ta ce babu wanda ya kai Hajiya daɗewa da zama 'yar garin nan, yau dai ta zo da ƙafarta.

Na ƙwala kira, "Marka!"

Ta waiwayo, ta ɗaga mini hannu kamar yadda ake yi wa maƙwabci, ta bi matan.

Jirgi ya yi ƙugi. Kyaftin ya yi shela cewa saura tafiyar awa ɗaya a isa Tsibirin Hutu, inda kujeru suke tsayawa wuri ɗaya kuma ba wanda ya san sunan kowa balle ya kira shi. Ya ƙara da cewa wanda ya sauka a nan ba a ajiye masa gurbi.

Ba zan ɓoye ba, na tsaya na yi tunani. Bayana yana zafi, ƙafafuna sun kumbura, kuma awa ɗaya ba wani abu ba ce. Na ce a raina bari in je in ɗan zauna, ko na minti goma, in ya so na dawo na ɗauke ta. Har na zaɓi ranar da zan dawo. Da na ji sunan ranar a bakina sai kunya ta kama ni. Amma jirgi ya riga ya ɗaga, garin ya fara ƙanƙancewa.

Na ce, "Sajan, matata tana can."

Ya dube ni, ya dubi hannunsa. Ya taka har gaban jirgin, ya gyara tsayuwa, ya juya tafin nan nasa ga kyaftin. Jirgi mai hawa tara ya ja birki har miya ta zube a ɗakin cin abinci.

"Sauka, Malam. Minti biyu zan iya riƙe shi, bayansa akwai wasu jiragen."

Na ce, "Kai fa?"

"Ni tawa ta rasu ina bakin aiki. Sauka mana."

Na sauka ta igiya. Jirgi ya tafi da tekunsa, ya bar ni a kan busasshiyar ƙasa da takalmi ɗaya. Na kama hanyar garin. Ina tafiya yana matsawa, ina ƙara sauri yana ƙara nisa. Na yi tafiyar da ta fi ta Funtuwa zuwa Zariya. Da ƙafafuna suka ƙi, na tsaya cak na dafa gwiwa ina numfashi, sai na ga ashe a ƙofar gidan da aka kai Marka nake.

Na yi sallama. Tana zaune a kan tabarma a gindin wata bishiyar lemo, tana tsinke zogale cikin faranti. Ta amsa ba ta ɗago ba.

"Malam, ka sauko?"

"Na sauko."

"Saura awa ɗaya fa ka huta."

"Na sani."

"To me ka zo yi?"

Na nemi wata magana mai nauyi, ban samu ba. Na ce, "Na zo in taya ki tsinkar zogale."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Ba ka iya ba, da itacen za ka haɗa." Amma ta ja farantin, ta matsa gefe ta bar mini rabin tabarmar. Na cire takalmin nan guda. Na dubi tabarmar, ba ta motsa ba. Na dafa kafaɗar Marka na fara durƙusawa a hankali, gwiwa ɗaya ta taɓa ƙasa, ɗayar tana hanya.

Sai na ji wani abu yana tari, yana kakari, yana tofi. Na buɗe ido. Famfon tsakar gidanmu ne ya kawo ruwa bayan kwana goma sha ɗaya, gari ya riga ya waye, Marka kuma tana buga ƙofar ɗakina da murfin tukunya.

"Malam, tashi ka miƙo bokitai kafin su ɗauke!"

Na tashi da ƙyar, na kwaso guda biyu na fita.