Notin da Ba Ya Tsatsa

Babur ɗin Tela ya girmi babbar 'yarsu. Da shi ya riƙa zuwa zance wurin matarsa Nas tun tana makarantar koyon jinya, kuma har yanzu shi yake kai ta asibiti kowace safiya kafin ya wuce shagonsa. Injin lafiya lau, bugu ɗaya yake tashi. Notunan ne suka gaji. Duk sun yi jawur da tsatsa, musamman na kariyar baya inda take zama. Ranar da aka yi yayyafi, sai ta sauka a ƙofar asibiti da jajayen ɗigo a bayan farar rigarta, abokan aiki suna ta tsokanarta wai a kan allura ta zauna.

"Baban yara, ka canza notunan nan mana," in ji ta.

"Me suka yi miki? Ai suna riƙe da abin da aka ce su riƙe."

"Har da rigata suke riƙewa."

Sai ya yi dariya ya ce zai duba. Ita kuwa ta san dubawar tela, don ta sha ganin masu ɗinki suna sintiri a ƙofar shagonsa.

Wata rana tana tura gadon marasa lafiya, idonta ya faɗa kan notunan ƙafafunsa. Kullum ana wanke gadon da ruwa da magani, amma ga su fari tas kamar sabon cokali. Ta tambayi mai kula da kayan asibitin. Ya ce mata silba ne, irin ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma in tana son ta gane na gaske, ta kai masa maganaɗisu, ba zai kama shi ba.

Ba a jima ba Tela ya hau mota ya tafi duba yayansa da ya tare a sabon gida, daidai lokacin da ta samu hutu. Yana fita ta jawo babur ɗin tsakar gida, ta ɗauko jakar sifanunsa da kwalayen ƙwai guda biyu da babu komai a ciki. Ta ɗiɗɗiga wa notunan kananzir, ta bar su suka sha. Duk wanda ta kwance sai ta sa shi a raminsa, na madigadi a layi ɗaya, na kariya a layi ɗaya, na salansa a gefe, kamar yadda take jera kayan aiki a faranti kafin likita ya shigo. Aikin ya tafi daidai har ta zo kan wani da ke ƙarƙashin siti. Ta murɗa, ya ƙi. Ta sa ƙarfi, sai ta ji ƙas. Kan notin ya biyo sifana, jikinsa ya maƙale a ciki.

Ta zauna ta dube shi. Can ta ce a ranta, tunda an fara sai a ƙarasa. Ta rufe kwalayen, ta ɗaure da igiya, ta ɓalle ɗan maganaɗisun da ke manne a ƙofar firij, mai siffar ayaba, ta jefa a jaka.

Mai sayar da kayan babur a bakin kasuwa ya zuba mata notuna a tafin hannu, suna ta ƙyalli.

"Hajiya, ga silba nan. Har jikokinki sai sun hau babur ɗin bai yi tsatsa ba."

Ta ciro ayabar ta kai kusa. Notunan suka yi tsalle suka manne mata duka.

Mutumin ya dubi ayabar, ya dube ta, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Hajiya, da wannan kike yawo? To gaskiya shafe ne aka yi musu, ni ma haka aka kawo min. Damina ɗaya za su tona asirinsu." Ya fito har waje ya nuna mata hanya. "Ki bi layin nan, ki wuce masu fenti. Akwai wani tsoho da ke ƙera gadajen asibiti da kwanon wanke-wanke. In ba shi da su, babu mai su."

Shagon tsohon dogo ne, cike da fallayen ƙarfe masu haske, mutum yana tafiya yana ganin fuskarsa a karkace. Ta buɗe kwalayen a kan teburinsa. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"'Yata, wa ya jera miki waɗannan?"

"Ni, Baba."

"Da yarana suna jera kaya haka, da ban tsufa da wuri ba."

Ya riƙa ɗaukar tsohon noti, ya gwada tsawonsa da zarensa, ya jawo aljihun tebur ya nemo ɗan'uwansa na silba, ya sa a rami ɗaya da shi. Ita kuma tana bi da ayabarta, ko ɗaya bai motsa ba. Da ya zo kan wasu masu kauri sai ya tura mata su gefe.

"Waɗannan na birki ne, ki mayar da su yadda suke, ko ki sayi irinsu sababbi. Silba kyau gare shi, amma bai kai su ƙarfi ba. Sauran kuma ki shafa musu giris a zare kafin ki ɗaura. In kika ɗaura shi a bushe, rannan sai ya ƙi fita, ki yi ta zagina."

Ta dawo gida da murnarta, ta tura ƙofa, sai ga Tela zaune a kan bokiti a kife, jakar tafiyarsa a gefe, ya zuba wa babur ido. Siti a can, madigadi a nan, salansa jingine da bango. Ashe ya tarar da gidan yayan cike da baƙi, ya ga gara ya juyo.

"Sannu da zuwa, Baban yara."

"Yauwa. Na ɗauka ɓarayi ne, sai na ga ɓarayi ba sa share wuri in sun gama."

Ta ajiye kwalayen a gabansa ta buɗe. Ya ɗauki ɗaya daga cikin sababbin, ya juya shi a hasken rana.

"Akwai wanda na karya," ta ce. "Na ƙarƙashin siti."

"Wanne? Na hagu?" Ya tashi ya leƙa. "Wannan ai tun kina da cikin auta nake fama da shi. Ni ko motsa shi ban taɓa yi ba. Me kike ci a asibitin nan?"

Suka tura babur ɗin zuwa wurin mai walda a ƙarshen layi, yana riƙe da kai, tana turawa ta baya, maƙwabta suna yi musu jaje kamar an yi haɗari. Mai walda ya liƙa wani ƙarfe a kan guntun notin, ya murɗo shi waje yana hayaƙi. Da suka dawo suka zauna a ƙasa, ita tana shafa giris tana miƙa masa, shi yana ɗaurawa. Sau biyu ya kai hannu ramin da ba shi ba, ta buge masa yatsa.

Da suka gama ya goge tankin da hannun rigarsa, ya ja baya yana kallo. Sai ya ga ta ɗaura hular kwano ta kama kan babur ɗin.

"Ina kuma za ki?"

"Na ga cikinsa, saura in ga tafiyarsa. Nuna min giya."

Ya nuna mata kuloci da birki, ya sa ta maimaita, ya sake sa ta maimaita. Bugun farko babur ɗin ya zabura ya mutu. Na biyu ya ɗauka. Ta fita layi a giya ta ɗaya, a hankali kamar mai tura gado, ƙafafunta suna shafar ƙasa. Tela yana biye da ita da ɗan gudu, ya riƙe kariyar da hannu ɗaya, takalminsa ɗaya ya fita bai tsaya ɗauka ba.

"A hankali, Uwar yara. In kin kai wurin mai walda ki taka birki."

"Na ji. Sake ni mana."

"Na saki," ya ce, alhali yana riƙe.