Ajin Lissafi na Saman Bene

Wata biyu ke nan da zuwan Auta ƙasar, kuma har yau lissafin raba lemo ake ba ta.

Shekararta sha shida. A makarantarsu ta gida ita ce wadda malamin lissafi yake miƙa wa alli idan ya gaji da tsayuwa. Da lissafin ne ma ta ci jarrabawar da ta sa aka zaɓe ta cikin ɗaliban musaya, waɗanda ake turawa wata ƙasa su yi shekara guda a gidan wasu mutane, su yi karatu tare da 'ya'yansu. Amma ranar da ta fara zuwa sabuwar makarantar, matar ofis ta yi mata tambayoyi uku da yaren ƙasar. Auta ta amsa ɗaya, sauran biyun ta bi su da murmushi. Shi ke nan, aka rubuta sunanta a ajin lissafi na ƙasa, wani ɗaki kusa da inda ake rataye rigunan sanyi, wurin waɗanda lissafi bai karɓe su ba.

Malamar ajin ba ta da laifin komai sai yawan kirki. Idan za ta yi wa Auta magana sai ta sunkuyo, ta ware baki, ta riƙa fito da kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai ba jinjiri abinci. Auta takan gama aikin awa guda cikin minti goma, ta zauna tana kallon ruwan sama yana bin gilashin taga. Malamar ta zo ta duba, ta tafa mata, ta manna mata tauraro a littafi. Tauraro! Budurwa da ita.

Auta ta je ofis sau uku neman a canza mata aji. A na farko matar ofis ta ce sai ta kawo takarda daga malamar ajinta. Malamar ta ce ai ba ita ke ba da wannan takardar ba, sai jami'ar da ke kula da ɗaliban musaya. Jami'ar kuwa ranar Talata kawai take zuwa, Talatar ma ba kowacce ba. Da Auta ta same ta, sai matar ta dafa kafaɗarta ta ce, “Ki yi haƙuri, ki fara sabawa tukuna. Ba don maki kika zo ba, don ki ga duniya kika zo.”

Auta ta so ta ce mata duniyar da take gani ba ta wuce rigunan sanyi a rataye ba. Ta laluba kanta, kalmomin ba su zo ba. Ta ce “na gode,” wadda ita ce kalmar da ta fi iyawa, ta fito tana jin kamar ta ciji bango.

Ranar Asabar da hantsi ta kira gida. Yayanta ne ya ɗauka, yana taunar wani abu.

“Ah, manyan ƙasashen waje! Yaya sanyi?”

“Yaya, don Allah bar zancen sanyi. Ka san abin da aka ba ni jiya? Wai lemo ashirin da huɗu, yara shida, nawa kowa zai samu.”

“To nawa ne? Kar ki ba mu kunya fa.”

“Wallahi zan kashe wayar nan.”

Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya miƙa wa mahaifiyarsu. Mama ta saurare ta tsaf, ta ce, “Auta, ki dai bi su a hankali. Baƙuwa ce ke. Kina cin abinci kuwa? Na ga kamar wuyanki ya yi tsawo.”

Kowa a hankali. Auta ta ajiye wayar a kan gado, ta kifa fuska a matashin kai.

Gidan da aka sauke ta na wata direbar bas ce, mace mai faɗin kafaɗa da ƙarar murya, wadda Auta take kira Anti. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'yarta ɗaya, sa'ar Auta. A jikin firij akwai takardar da Anti ta rubuta ranakun aikin kowa: wa zai fitar da shara, wa zai kwashe kwanuka daga injin wanki, wa zai zagaya da kare. Auta ta roƙi arziki aka cire ta daga zancen kare, aka ninka mata kwanuka. Ita da 'yar gidan kuwa ba faɗa, ba daɗi. Bas ɗaya suke shiga da safe, amma da sun sauka yarinyar za ta toshe kunnuwanta, ta haye saman bene wurin ƙawayenta. A can ajin lissafi na sama yake.

Wata Laraba da yamma Auta ta shigo kicin shan ruwa, ta tarar da 'yar gidan ta dafe kai a kan tebur, ta yage takarda ta uku. Auta ta leƙa ta bayan kafaɗarta. Sai ta ji kamar wanda ya hango ɗan garinsu a tasha. Lissafi ne na gaske, mai baƙaƙe da baka da layuka, irin wanda ta baro a gida.

“Ba ni,” ta ce.

“Ke? Wannan ba na ajinku ba ne.”

“Ba ni dai.”

Ko zama ba ta yi ba. A tsaye ta yi tambayoyi takwas da ke shafin, ruwan da ta zuba yana ajiye bai ko motsa ba. 'Yar gidan ta duba amsoshin da ke bayan littafi, ta dubi Auta, ta sake duba littafin.

“To me kike yi a ajin ƙasa?”

“Ina raba lemo.”

Wannan ne karo na farko da Auta ta ba wani dariya da yaren ƙasar. Yarinyar ta kwafe aikin kaf da rubutunta, ta kai makaranta washegari.

Abin bai yi kwana biyu ba ya tonu. Ashe yadda ake jera rabawa a ƙasar daban yake da yadda aka koya wa Auta: su lambar da ake rabawa da ita a dama suke sa ta, ita kuma a hagu. Malamin ajin sama, wani dogon dattijo mai tabarau a goshi, ya kira 'yar gidan gaban allo ya ce ta nuna wa aji wannan sabuwar hanya da ta ƙirƙiro. Ta tsaya da alli a hannu har kunnuwanta suka yi ja, sannan ta faɗi gaskiya.

A bas ɗin komawa gida ba ta zauna kusa da Auta ba. Sai da suka sauka ta juyo ta ce, “Kin ja mini. Me ya sa ba ki yi shi kamar na mutane ba?”

“Kamar na mutane? Mu can dabbobi ne?”

“Ba haka nake nufi ba.”

“To me kike nufi?”

Yarinyar ta kau da kai. Ta zaro wata takarda daga aljihu ta miƙa mata. Malamin ne ya aiko: Auta ta zo ranar Litinin, ƙarfe biyu, zai gwada ta. Tambaya ashirin. Idan ta ci sha huɗu, ta hau sama.

Kwana uku Auta tana shiri. Ta ari littafin 'yar gidan, wadda ta ba ta ba tare da ta kalle ta ba, ta bi shi babi-babi. Babu abin da ya gagare ta. Ranar Litinin ta hau benen nan, malamin ya zaunar da ita ita kaɗai a gaban tebur ɗinsa, ya ajiye agogo.

Shafin farko tambaya goma sha biyu, duk lambobi ne zalla. Ta share su kamar mai sharar tsakar gida. Ta juya shafi, sai ta yi turus. Sauran takwas ɗin labarai ne, kowanne layi biyar, layi shida, da yaren ƙasar. Ta gane akwai wani mutum, akwai wani abu da yake cikawa ko yake zubarwa, akwai awa uku. Amma mene ne abin? Cika shi yake yi, ko rage shi? Kalma ɗaya ce ta tsaya mata a tsakiyar jimlar, kuma duk lissafin a kanta ya rataya.

Ta ɗaga hannu. “Malam, ƙamus?”

Ya girgiza kai. “Ba a shiga jarrabawa da shi. Doka ce.”

“Kalma ɗaya kawai.”

“Idan na faɗa miki, na ba ki rabin amsa.”

Ta koma kan takardar. Ta yi ta canka, ta goge, ta sake canka, har takardar ta huje a wuri ɗaya. Da lokaci ya cika ya karɓa ya duba a gabanta. Sha biyun farko duk daidai. A cikin labaran ta ci ɗaya, shi ma sa'a ce. Sha uku.

“Saura ɗaya,” ya ce, kuma da alama shi ma bai ji daɗi ba. “Lissafinki ba shi da matsala. Amma a ajina magana ake yi. Ki sake gwadawa zango mai zuwa.”

Zango mai zuwa, wato bayan wata uku. Auta ta sauko, ta shige banɗakin 'yan mata, ta kulle ƙofa, ta yi kuka mai isarta da harshen uwarta, har da zagin mutumin nan mai cika abu ko zubar da shi.

A gida ta ce ba ta jin yunwa. Anti, wadda ta dawo aiki ko takalmi ba ta cire ba, ta dubi idanunta ta dubi 'yarta.

“Me aka yi mata?”

'Yar gidan ce ta ba da labarin, tun daga aikin da ta kwafa har zuwa maki sha uku, ba ta rage nata laifin ba. Ta ƙara da cewa, “Ni da aka haifa a yaren nan, tara na ci a irin wannan jarrabawar. Kuma ina sama.”

Anti ta ce, “Zancen kwafe aiki, ni da ke ne, zan dawo kanki.” Ta juya ga Auta. “Ke kuma, wata biyu kina fama, ba ki faɗa mini ba? Ado aka ajiye ni a gidan nan?”

“Ban so in dame ki ba, Anti.”

“Mutum ɗari biyar ke damuna kullum a cikin mota. Ke ce za ki yi mini yawa?”

Washegari ta yi musayar aiki da wani direba, ta zo makarantar da rigar aikinta. Auta tana zaune a benci a waje tana jiyo muryarta ta cikin ƙofa, ko da yake rabin maganar ya wuce ta. An kira malamin, an kira jami'ar a waya duk da ba ta so. Minti arba'in aka yi.

Abin da aka samu bai kai abin da Auta take so ba. Za ta riƙa zama a ajin sama sau biyu a mako, a matsayin gwaji, ba za a rubuta mata maki ba. Ajin ƙasa kuma yana nan, ba za ta bar shi ba sai ta ci jarrabawar. Aikin gida biyu ke nan. Ƙari a kan haka, darasin ranar Alhamis shi ne na ƙarshe, yana tashi bayan bas ɗinsu ta wuce.

“Rabi ne,” in ji Anti, tana zuge rigarta. “Karɓi rabin, ki riƙe da kyau.”

Ranar Alhamis Auta ta zauna a kujerar baya a ajin sama. Malamin yana magana da sauri kamar ana bin sa, ba ta kama ko kashi ɗaya cikin uku ba. Amma allon tana karanta shi tas. Can ya rubuta wata tambaya, ya juyo, aji ya yi tsit. Auta ta riga ta gama ta a ka. Saba'in da huɗu. Ta ɗaga hannu, ya nuna ta, ta miƙe ta buɗe baki da ƙarfinta, sai ta ce arba'in da bakwai.

Wani yaro a gaba ya yi dariya, wasu suka taya shi. Ta ji lambar da ta fito daga bakinta, ta san ba ita ce a kanta ba, amma ta gyara sai harshen ya ƙi. A yaren ƙasar lambar ƙarshe ake fara faɗa, huɗu kafin saba'in, shi ne ya rikita ta. Ba ta nemi izini ba, ta fita daga kujerarta, ta taka har gaban allo, ta ɗauki alli ta rubuta aikin layi-layi, da rabawarta irin ta gida, ta ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Allin ya karye a hannunta.

Malamin ya sauko da tabarau daga goshi ya duba. “Daidai,” ya ce. “Amma a jarrabawa, irin tamu za ki jera. Kuma nan gaba, a nemi izini kafin a taso.”

Da aka tashi ana yayyafi. 'Yar gidan tana da wasan ƙwallo, don haka Auta ita kaɗai ta tsaya a rumfar jiran bas, saura minti ashirin da biyar wata ta zo. Yatsunta sun ƙage, jakarta ta yi nauyi da littafi biyu. Har yanzu haushi bai sake ta ba, ta rasa ma wa take jin haushi. Wata mota ta wuce a hankali, ta bi lambarta da ido, ta karanta ta a fili da yaren ƙasar. Ta yi kuskure, ta sake. Wata ta biyo baya, ta karanta ita ma. Wata tsohuwa da ke zaune a bencin da kwandon cefane ta ɗago kai, ta gyara mata yadda ake faɗin tamanin.

Auta ta ja tsaki a ciki, ta maimaita.

“Yawwa,” in ji tsohuwar, ta nuna mata wata motar da ke tahowa. “Waccan fa?”