Makaranta Mai Koriyar Ƙofa

Shekara goma sha uku Zubaidatu ta yi a unguwar Sharafiyya ta birnin Jidda, a ɗaki ɗaya saman shagon wani mai gyaran firji, har ta saba da ƙarar guduma ta daina jin ta. Sai a shekarar 2004 mijinta Lado ya samu aikin tuƙi a gidan wani attajiri a Abhur, can arewa bakin teku, aka ba su ɗaki biyu a bayan gareji. Matan unguwa suka yi ta zuwa barka, wannan ta tambayi na'urar sanyaya ɗaki, waccan ta tambayi ko ana hango ruwa ta taga. Ita kuwa Zubaidatu abu ɗaya ne ya hana ta sakewa. 'Yarta Rakiya na gab da gama aji shida, kuma dole a samo mata gurbi a makarantar gwamnati ta gaba, wadda ake kira mutawassiɗa, a sabuwar unguwa, in dai ana so ta zauna tare da su.

Na ce 'yarta, amma in ka tambayi takarda za ta ƙaryata ni. Aikin Umara ne ya kawo Lado da Zubaidatu suka ƙi komawa, ciki kuma bai jira iƙama, takardar izinin zama, ba. Da naƙuda ta tashi, sai yayan Lado, Gwadabe, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa da takardunsa cif, ya ba da katin matarsa Mariyamu aka shiga asibiti da shi. Haka aka rubuta jaririya, uba Gwadabe, uwa Mariyamu. Kowa ya ce dabara ce ta ɗan lokaci, in Lado ya samu kafili, ɗan ƙasa mai tsaya masa ya samu iƙama, za a gyara. Lado ya samu kafili bayan shekara huɗu, har ya sa matarsa a takardarsa, amma gyaran nan da baki kawai ake ta yin sa. Wa zai taka ƙafa ya je ofis ya ce ƙarya muka yi? Shi ya sa tun tana ƙarama aka koya wa yarinyar cewa a gida Zubaidatu Umma ce, amma a gaban malami da likita da duk wani mai biro a hannu, Khala ce, matar baffanta.

Ita ma Zubaidatu da nata. 'Yar ƙauye ce daga ƙasar Gumel, inda mace mai mutunci ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Ta bar ƙauyen, ta tsallako teku, ta koyi karya kumallo da ful da tamis, amma kunyar nan ta taho da ita a ƙulle a bakin zane. Allah bai sake ba ta haihuwa ba, duk da haka a shekara goma sha biyu ko sau ɗaya sunan bai fito daga bakinta ba. "Ke," take cewa, ko "yarinyar nan." Mariyamu kuwa, haifaffiyar Jidda, in ta tashi kiran yarinyar har titi ake ji, "Rakiya, ya binti, ya habibti!" wato 'yata, abar ƙaunata. Zubaidatu takan taɓe baki ta ce rashin ta ido ne, amma a ƙasan ranta abin yana yi mata ciwo.

Saura wata biyu a rufe makarantu suka tashi, don haka aka bar Rakiya gidan Gwadabe, nan Sharafiyya, ta ƙarasa zango, tana zuwa Abhur Alhamis da Juma'a, ranakun hutun mako a can. Zubaidatu ta sa neman makaranta a gaba. Uku ne ake iya kaiwa daga gidan, ita kuma ba ta karanta Larabci sai abin da za ta yi salla da shi, amma tana da ido. Kullum dab da azahar sai ta zura abaya ta bi filayen yashin nan na Abhur da ƙafa, inda babu inuwa babu bas, ta je ta tsaya nesa da ƙofa tana jiran a tashi yara.

Ta farko gidan haya ne aka mayar makaranta, kusa da gidan mai. Samari na ta zagaye da motoci suna danna oda, mai gadi kuwa yana zaune ya miƙe ƙafa yana kurɓar shayi. Ta juya ba ta ko bari aka gama fitowa ba. Ta biyu sabon gini ce, kyakkyawa ƙwarai. Da yake 'yan matan a lulluɓe suke fitowa, sai Zubaidatu ta riƙa duba hannuwansu. Kwana biyu tana zuwa, ba ta ga baƙin hannu ko ɗaya ba, ta ce ba za ta kai 'yarta inda za ta zama abin nuni ba.

Ta uku tsohuwa ce, mai koriyar ƙofa, fentin ma duk ya ɓamɓare. Wani dattijo ne a bakin ƙofar da sanda da lasifika, yana kiran sunan yarinya ɗaya bayan ɗaya, ba ya sakin kowa sai ya ga wanda ya zo ɗauka. A nan ta haɗu da Fatouma, wata 'yar Nijar da ke shara a makarantar, kuma kowa ya san in kana son sirrin gida, mai shara za ka tambaya.

"Banɗaki sau biyu nake wanke shi a rana," in ji Fatouma. "Malamai ba sa zagin yara da launin fata, mudira, shugabarmu, ba ta yarda. Tana da zafi fa, amma tana tsoron Allah. Sai dai gurbin baƙi kaɗan ne, ki zo da wuri, kin ji ko?"

Zubaidatu ta koma gida tafin ƙafarta na raɗaɗi, ranta fari ƙal. Lado yana goge mota ya dube ta ya ce, "Haba Zubaida, makaranta ai makaranta ce."

"Mota ma mota ce, Malam," ta ce. "Me ya sa kake leƙa ƙarƙashinta kowace safiya?"

Kafin a buɗe rajista har ta ɗinka wa yarinyar rigunan makaranta biyu da hannunta, ta bar kalmasa mai faɗi saboda tsawon da take yi.

Ranar rajista Lado ya ajiye su a bakin koriyar ƙofa da sassafe. Suna ɗauke da fayil daga firamare, da kwafin iƙamar Gwadabe, da wasiƙar mai gidan Lado mai shaida cewa a Abhur suke zaune. Ya leƙo ta tagar mota ya sake maimaita abin da ya yi ta faɗa tun jiya, "Ki ce Yaya ya ba mu riƙonta. Kada ki ƙara komai. Yalla, zan dawo."

Mudira, shugabar makarantar, dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ta buɗe fayil, ta daɗe a kan sakamakon jarrabawa, ta ɗago ta yi wa yarinyar murmushi ta ce masha Allah. Larabcin Zubaidatu na kasuwa ne, don haka Rakiya ce tafinta, ita da Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa.

"Ta ce wace ce ke a wurina," in ji Rakiya.

"Ce mata matar baffanki ce ni."

Yarinyar ta juya ta faɗa, ba ta ko yi gargada ba. Mudira ta ce bisa ƙa'ida, wanda ubansa ke Sharafiyya a Sharafiyya zai yi karatu. Amma gurbi ɗaya ya rage, yarinya kuma mai ƙoƙari ce, in uban ya sa hannu cewa a nan take zaune, za a duba. Ta tambayi tun yaushe yarinyar take hannunta, Zubaidatu ta ce tun tana jaririya, kuma wannan ce gaskiya ta farko da ta faɗa a ofishin. Mudira ta jawo wata farar takarda, ta cire marfin biro, ta tambayi sunan yarinyar ba tare da ta ɗago ba.

Zubaidatu ta zunguri 'yarta. "Ke, faɗa mata."

Mudira ta ɗago, ta nuna Zubaidatu da bakin biro. Wannan ba ya buƙatar tafinta, ita ake tambaya.

Suna ne fa, harafi nawa ne a ciki? Ita ta zaɓe shi, sunan kakarta ne, kullum tana faɗinsa a zuciya in ta yi sujada. Amma bakin da ya shekara goma sha biyu yana kauce masa ba ya buɗewa don kawai an nuna shi da biro. Ta ji kamar duk tsofaffin ƙauyensu sun shigo ofishin sun zauna suna kallonta. Ta sunkuyar da kai, ta yi ɗan murmushin kunya, wanda a gida kowa zai gane ya yaba, ta nuna fayil ta ce, "Maktub, maktub," wato ai a rubuce yake.

Mudira ta mayar da marfin biro. Ta juya ga yarinyar ta yi mata tambayoyi da murya ƙasa ƙasa, yarinyar tana amsawa. Zubaidatu ta tsinci kaɗan a ciki. Da me take kiranki a gida? Tana ce mini ke. Kina shara da wanke-wanke? Ina yi. A gidan attajiri kuke? A bayan gareji. Duk gaskiya ne, kuma duk ya faɗa inda bai kamata ba, domin matar nan ta sha ganin ana kwaso 'ya'yan dangi a kawo su manyan gidajen Abhur aikatau, a fake da karatu. Ta rufe fayil ta yi magana mai tsawo, fuskarta a ɗaure.

"Me ta ce?" in ji Zubaidatu.

Rakiya tana kallon tebur. "Ta ce ki mayar da ni wurin uwata. Ta ce haram ne a raba yarinya da uwarta a ba wadda ko sunanta ba ta riƙe ba. Ta ce halas, magana ta ƙare."

Kalma biyu za su warware komai, ni ce uwarta. Zubaidatu ta ji su sun taso har maƙogwaro. Amma a bayansu akwai iƙamar Gwadabe, da aikinsa, da 'ya'yansa biyar, da ita kanta yarinyar, wadda in aka yaga takardar ƙarya ba ta da wata. Ta haɗiye su, ta ɗauki fayil da hannu biyu, har godiya ta yi.

A bakin ƙofa suna jiran Lado, Rakiya ta ce, "Umma, ke kika haife ni dai, sahih, da gaske?"

Nan ne Zubaidatu ta yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Da ta jawo yarinyar jikinta, da an wuce wurin. Amma ga dattijo mai gadi, ga mata na wucewa, sai ta ce, "Ji mini yarinya da rashin kunya! Ana tambayar wannan?" Rakiya ta juya ta ci gaba da duban hanyar da Lado zai ɓullo.

Fatouma ta yi iya ƙoƙarinta. Ta shiga ofis da tsintsiya a hannu ta yi wa mudira bayanin cewa a ƙasarsu akwai matan da ba sa faɗin sunan yaro saboda kunya. Mudira ta ce ba ta taɓa jin inda ƙauna ta hana kiran suna ba, gurbin ma an ba wata. Zubaidatu ta sauke girman kai ta koma wa biyun da ta raina. Mai sabon gini ta ce baƙi sun cika. Ta kusa da gidan mai, ta mai gadi da shayi, ita ma ta ce sai takardar hayar gida da sunan uba. Wata biyu tana zaɓe da tsinta, ashe ita ce ba ta da ikon zaɓar komai. A Sharafiyya kuwa Mariyamu ta shiga ta fito da rajista cikin rabin sa'a, domin duk takardun sun yarda da ita.

Ranar Juma'a bayan la'asar, ana gobe komawa makaranta, Gwadabe da Mariyamu suka zo da mota. Gwadabe ya yi ta ba da haƙuri, wai shekara uku kamar yau ne, kuma ai Alhamis na nan. Lado ya ce haka ne, Yaya, yana kallon ƙasa. Zubaidatu ta ninke rigunan nan biyu ta sa a jaka, ta cusa dabino da man gashi, ta zuge. Rakiya ta fito da abayarta ta durƙusa ta gaida kowa. Mariyamu ta rungume ta tana cewa, "Ta'ali, zo, ya Rakiya, ya binti, na gyara miki gado kusa da taga."

Har yarinyar ta sa ƙafa ɗaya a mota. Zubaidatu na tsaye jikin gareji, ga mijinta, ga yayan miji, ga duk waɗanda ya kamata ta ji kunyarsu. Abin ya fito da kansa, kamar muryar wani.

"Rakiya!"

Yarinyar ta fara duban Mariyamu, domin daga can ta saba jin sunan. Sannan ta juyo a hankali, ta dubi Zubaidatu, ta gyara mayafinta cikin ladabi.

"Na'am, Khala?"

Babu malami a wurin, babu likita, babu kowa mai biro a hannu. Sai Zubaidatu ta ce mata ta riƙa sakin kalmasar rigar in ta yi mata gajarta. Yarinyar ta ce to, ta shiga, ta ja ƙofa.