Baƙin Fulogi

Guguwa ya zare fulogi na farko daga injin, ya ɗaga shi saitin hasken ƙofar garejin. Kan ya yi baƙi ƙirin, jiƙe da fetur. Ya zare na biyu, shi ma haka. Ya jera su duka a kan tsumman da ya shimfiɗa gefen bonet, sannan ya kira ubansa.

"Baba, zo ka karanta min wannan."

Tsohon yana can ƙurya yana wanke sifanoni a cikin daron kananzir. Shi ya koya wa ɗan nasa karatun fulogi tun kafin ya iya karatun boko: ruwan ƙasa lafiya, fari inji na jin yunwar mai, baƙi an ɗura masa fiye da ƙima. Bai ɗago ba.

"Ka iya karatu. Karanta da kanka."

Mai faci, wanda rumfarsa ke jingine da bangon garejin, ya leƙo da tayar babur rataye a kafaɗa.

"Angon hayaƙi! Jiya da ka wuce, matata da gudu ta kwashe shanya, ta zaci bola aka kunna. Amma mun gode, sauro sun ƙaura daga layin nan."

Guguwa bai yi dariya ba. Tun damina yake kan wannan motar. Ya ɗaura mata sufacaja, na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi, wadda mai faci ke kira zugazugi. Iska mai yawa tana son mai mai yawa, don haka dole a sauya nozul masu fesa fetur, a sauya mitar da ke auna iskar da ke shiga. Wannan zaɓin ya bar wa ubansa, don duk layin babu mai idonsa. Tun daga ranar motar ke tari, tana aman baƙin hayaƙi, in an taka totur ta yi nauyi kamar an ɗaura mata tirela. Yau da la'asar kuma akwai tsere a tsohon filin jirgi, shi da Mai Jar Mota, wanda ya riga ya gaya wa kowa cewa da ribas zai yi tseren don a yi adalci.

Guguwa ya sa sifana ya kwance bututun mai, ya fizgo nozul ɗaya. Ya goge shi a wandonsa, ya duba lambar jikinsa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya bi bututun iska da hannu har ya taɓa mitar. Tsohuwar ce, an dai wanke ta an goge.

"Wannan nozul ɗin ya kusa ninka abin da injin ke buƙata. Mitar kuma ba ka taɓa ta ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kai ba ka irin wannan kuskuren."

"Ba kuskure ba ne, Babana."

Haka tsohon yake kiransa, don sunan mahaifinsa ya sa masa. Ya tsame hannuwansa daga kananzir, ya goge a riga.

"Motar yaron nan da ya kife a filin jirgi, nan aka jawo ta. Kana wajen tseren, ba ka ga cikinta ba. Ni na wanke ta kafin ubansa ya zo ɗauka. Haƙoransa a jikin sitiyari na ciro su, da filaya. Na sa a gwangwanin madara na miƙa wa mutumin, ya ce min ya gode." Ya numfasa. "Gara su yi maka dariya."

Guguwa ya tsallake daron, ya ci kwalar ubansa da hannu ɗaya, sifanar na ɗaya hannun, ya maka shi da kanta. Gwangwanayen notina suka zubo a kansu. Galan ɗin baƙin mai ya faɗo ya fashe, ya malale a siminti.

"Wata nawa kana kallona ina kwance a ƙarƙashin motar nan ina neman ciwon da kai ka sa mata? Ina tambayarka, kana cewa in duba famfon mai!"

"Kai! Kai, ɗan nan, ubanka ne fa!" Mai faci ya yar da tayar, ya rungumo shi ta baya.

Guguwa ya kai gwiwar hannu baya. Hancin mai faci ya yi ƙara, ya ja da baya yana tare jini da tafin hannu, santsin mai ya kwashe shi ya zauna daɓas. Tsohon ya kama wuyan hannun ɗansa zai murɗe, Guguwa ya fizge, sifanar da ke hannunsa ta sauka a girar ubansa. Fatar ta dare. Jini ya rufe idon hagu, ya bi gemu, ya ɗiga a kan rigar aiki.

Dukansu suka tsaya. Guguwa ya kalli sifanar, ya kalli fuskar. Ya juya ya nufi akwatin tarkace, ya zazzage shi ƙasa, ya tsinto ƙananan nozul ɗin da motar ta zo da su daga kamfani.

"Waɗannan ba su taɓa yi min ƙarya ba."

"Ajiye su." Tsohon ya taso yana dafa kanta. "Wallahi ajiye su. An yi su ne don injin da ba a hura masa iska. Tsohuwar mitar nan, in zugazugin ya kai ƙarshe, makancewa take yi, ba ta ƙara ganin iskar da ke wucewa. Manyan nozul ɗin ne ke rufa mata asiri. Ka sa ƙanana, injin zai yi ta shan iska babu mai. Za ka ji ta yi sauƙi, ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, sai fistin ya narke, ƙarfe ya ɓula gefen inji, mai ya zuba a kan salansa mai zafi. Kana kan gudu wuta za ta tashi ta ƙarƙashin ƙafarka."

"Yanzu kuma wuta ce."

"Gaskiya nake gaya maka."

"Jiya ma gaskiya ce."

Tsohon ya ja ƙafa zuwa teburin aiki, ya janyo wani tsohon bokitin fenti daga ƙarƙashi, ya buɗe. A ciki akwai nozul sababbi a ledarsu, da mita mai faɗin baki. Tun farko su ya saya, kafin a jawo masa waccan motar.

"Ga daidai ɗinta. Ga su. In dole sai ka je, bari in ɗaura maka da hannuna, in saita mata ƙwaƙwalwar inji. Za ta yi gudu, ba za ta ƙone ba. Ka ba ni zuwa gobe."

"Gobe." Guguwa ya yi dariya, ya karɓi bokitin. "Tseren yau ne, kai kana cewa gobe. Waɗannan kuma me ka yi musu? Toshe su ka yi?"

Ya juye su a siminti, ya ɗauko guduma daga kan tebur. Bugu ɗaya mitar ta tarwatse, robar ta yi tsalle har rumfar mai faci. Ya bi nozul ɗin ɗaya bayan ɗaya yana dakawa, yana huci, har suka zama ɓaraguzai a cikin baƙin mai. Ya jefar da gudumar, ya koma gaban mota, ya sunkuya cikin injin da ƙananan nozul ɗinsa.

Mai faci na zaune a bakin ƙofa, kai a sama, tsumma a hanci.

"Oga, kira uwarsa," ya ce da toshasshiyar murya. "Ita yake ji."

"Ya daina jin kowa."

Tsohon ya tsaya yana kallon bayan ɗansa. Yaron ya iya aiki. Yana shafa wa robar kowane nozul ɗan mai kafin ya tura, kamar yadda aka koya masa, ba ya gaggawa ko da ransa a ɓace. Kafin la'asar zai gama. Ko an ɓoye makulli zai haɗa waya, ko an fasa gilashi zai tuƙa haka, in aka lalata wannan motar kuma abokansa za su ara masa wata. Guguwa ya tsaya da ƙafar hagu, ta dama ya ɗora ta a kan ƙarfen jak, silifa ne kawai a jikinta. Ita ce ƙafar totur.

Tsohon ya sunkuya ya ɗauki gudumar. Ya goge jinin idonsa da hannun riga don ya gani da kyau. Mai faci ya sauke kai, ya buɗe baki.

Gudumar ta sauka a bayan ƙafar. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Ihun ne ya cika garejin. Guguwa ya daki bonet da ƙeya, ya zube cikin mai, yana birgima, yana riƙe da ƙwaurinsa da hannu biyu. Ƙafar ta lanƙwashe ta inda ba gaɓa, nan da nan ta kumbura ta yi shuɗi.

Tsohon ya saki gudumar ya durƙusa. Guguwa ya kai masa naushi a baki, ya sake kaiwa, ya cusa yatsu a cikin raunin girar. Tsohon bai kare ba. Ya tuɓe rigarsa ya naɗe ƙafar, ya ɗaure ta da ɗan katakon da suke tare taya da shi.

"Allah ya isa! Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Na ji. Daina motsa ta."

"Ba zan yafe maka ba har in mutu!"

"Kada ka yafe. Riƙe wuyana in ɗaga ka."

Mutanen layin sun taru a ƙofa, babu wanda ya shigo. Mai faci ya kutsa ta cikinsu ya tare tasi, ya dawo ya kama kafaɗa ɗaya. Suka kwantar da Guguwa a kujerar baya, yana kuka yana zagi, tsohon ya shiga ya ɗora ƙafar a cinyarsa.

Mai faci ya riƙe ƙofar.

"Oga, me zan je in ce wa uwarsa?"

"Ka ce mata muna asibitin ƙashi. Ka ce yana magana, da ƙarfinsa ma. Rufe ƙofar, direba mu je."