Zannuwan Aro

Wasiƙar ta iso Yamai ran Talata, bakin ambulan ɗin a manne da wani gam mai ruwan ƙasa wanda Halimatou ta tabbata ba daga Faransa ya fito ba. A wannan shekarar, ta biyu a cikin fari, sojoji na riƙe da ƙasa, ba wanda ke mamaki in an riga shi karanta wasiƙarsa. Ta juya ta gaba da baya, har da sunsunawa, sannan ta tashi ta rufe taga kafin ta farke ta.

Buron nata, wato ofishinta, ɗaki ɗaya ne a unguwar Maourey, bayan shagon wani mai sayar da tayoyi. Daga nan Halimatou, tsohuwar malamar lekwal, wato makarantar boko, 'yar Tawa, take tafiyar da ƙungiyar da ke ciyar da mutanen Kurfai waɗanda yunwa ta koro, suka kafa bukkoki a bakin kogi kusa da Tondibiya. Tukwane uku ake ɗorawa kullum. Hatsin da ke shiga cikinsu kuwa, wasu tsofaffin ungozomomi ne a wani ƙaramin gari na Faransa ke haɗa abin sayensa, da sayar da kek da rigunan saƙa ran kasuwa. Shugabarsu ita ce Madam Odil. Halimatou ba ta taɓa ganinta ba, amma ta san halinta sarai: a rubuto mata duk wata, ban da ƙari, ban da ragi, kuma a yi godiya a farko a yi a ƙarshe.

Wannan karon Madam Odil ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ce hotunan da suka nema sun iso, an zagaya da su a taro. Wasu sun yi murna mutane sun farfaɗo. Wasu kuma sun tambaya ko waɗannan ne mayunwatan da ake ta ba su labari shekara guda. An tsayar da hatsin watanni uku masu zuwa har sai sun ga yunwar da idonsu a hoto, don rubutu kam sun sha karantawa. Ta ƙara da cewa akwai wata ƙasa da ake nuna musu yaranta a talabijin kowace yamma.

Hoto ɗaya ta maido a cikin wasiƙar. Mata shida ne a tsaye, sun sha sababbin atamfofi, ga kwalli, ga 'yan kunne, yara a gabansu ƙafafu na sheƙi. Kai ka ce daga gidan suna suka fito.

Halimatou ta zauna. Abin da ya rage a sito ba zai wuce kwana goma sha biyu ba.

Ba ta nan aka ɗauki hotunan, ta tafi Tawa gaisuwar mutuwa. Yakuba direban ƙungiya, haifaffen Yamai, shi ta bar wa na'urar ɗaukar hoto, shi ya kai aka wanke, shi ya kai fosta, gidan waya, aka aika. Nan take zuciyarta ta shiga jero mata abubuwan da ta daɗe tana gani tana kau da kai. Wansa soja ne a barikin Tondibiya. A shingen hanya ana sauke kowa, shi sai dai ya ɗaga hannu ya wuce. Ga sabon agogo da ya bayyana a hannunsa wata biyu da suka wuce, kuma dai ba albashin ƙungiya ne ya saya ba. Kowa ya san na sama ba sa son hoton yunwa ya fita waje. To, wa ya fi dacewa a sa ya gyara musu hoton in ba wanda na'urar ke hannunsa ba?

Halimatou mace ce da in ta zargi mutum sai ta ƙara masa fara'a, abin da ya sa waɗanda suka san ta suke tsoron murmushinta. Da safe ta gaishe da Yakuba har da tambayar lafiyar wansa, ta ce ya ɗauko na'ura za su Tondibiya.

Sun wuce Gaweye, kogin ya janye har yara na ƙwallo a inda jiragen ruwa ke bi a da, kafin ta ajiye hoton a kan gwiwarsa.

"Sun yi kyau, ko?" in ji ta.

Ya kalli hoton, ya kalle ta ta wutsiyar ido, ya mai da kai ga hanya. "Sun yi kyau, Madam."

"Wa ya ba su zane?"

"Su za ki tambaya."

"Kai nake tambaya."

"Ni direba ne. An ce in ɗauka, na ɗauka." Sannan ya ce, "Madam, wa ya sa ki yi mini tambayar nan?"

Sai a lokacin ta lura hannunsa ya ƙanƙame sitiyari. Ashe shi ma tsoronta yake ji, yana zaton wani ne ya turo ta. Hakan bai wanke shi a wurinta ba. A shinge ya ɗaga hannu aka ɗage musu itace, ita kuwa ta ƙara wannan a kan abin da ta tara.

A sansanin, Zinariya ce ta tarye su. Ita ce babba a cikin matan, ita ke raba tuwo, kuma ba wanda ke musu da rabonta. Tana ganin hoton fuskarta ta washe, ta kira mata suka kewaye shi, kowa na nuna kanta.

"Inna," in ji Halimatou, "wa ya kawo muku zannuwan nan? Soja ne? Ko wani daga gari?"

"Wane soja, ɗiyata? Ni na aro su." Zinariya ta dafa ƙirji. "Da yaron ga ya ce hoton za shi wurin masu ba mu cimaka, na taka da ƙafata har cikin Tondibiya, gida gida. Zabarmawan nan mutanen kirki ne, ko Hausa ba su ji sosai, amma sun gane. Zane bakwai anka ba ni. Mu arba'in munka ɗaura su, waɗanga su tuɓe, waɗancan su ɗaura. Yara munka kai su gulbi munka cuɗe, man miyar ranar munka shafa musu, munka ci tuwo gaya."

"Don me, Inna?"

Tsohuwar ta dube ta kamar mai duban wanda karatu ya lalata. "Mutum shi yi shekara yana ciyar da kai, ranar da zai gan ka ka fito mishi da tsumma? Sai shi ce abincinshi bai karɓe mu ba. Ai cin fuska ne. Yaron ga ma ya ce mu tsaya yadda muke, na ce ko uwarshi zai ɗauka haka?"

Halimatou ta waiga. Yakuba na jingine da mota yana kallon ƙasa. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta da wurin ajiyewa, don ba ta furta zargin ba balle ta nemi gafara. Ta so a ce soja ne ya yi wannan aiki. Da ta san da wa take faɗa.

Ta jawo turmi ta zauna, ta fassara musu wasiƙar, ba ta rage komai ba. Ta faɗi abin da ya rage a sito. Ta ce mutanen can ba mugaye ba ne, amma in ba su ga yunwa a jikin mutum ba, hannunsu ba ya buɗewa. Wata matashiya mai goyo, Jummai, ta ce ƙasa-ƙasa ita dai ba ta yarda ba, wa ya sani ko hoton a bariki zai kwana, a zo a kwashe su a kamiyo, babbar motar kaya, a mai da su Kurfai. Wata ta ce ko kuwa a manna su a bango a can, maza na wucewa suna kallo. Halimatou ba ta iya rantse musu cewa ɗaya daga ciki ba zai faru ba.

Zinariya ta waiwaya. Ta ce wa matan, "Ku shiga ciki. Ku kuna da maza, kuna da surukai. Ku ja yaran."

Da fili ya zama ba kowa, ta zauna a ƙasa a bakin bukkarta, ta miƙe ƙafafu. Ta zame mayafin da kullum take lulluɓe da shi, ko ana zafi kamar me, ta naɗe shi ta ajiye a gefe. Halimatou ta yi shekara tana ganin matar nan tana raba wa mutane tuwo, ba ta taɓa ganin damtsenta ba sai yau. Bai fi muciya kauri ba.

Yakuba ya ɗaga na'urar, ya sauke. Ya matso ya danƙa wa Halimatou. "Madam, ni ba ni iyawa," ya ce, ya juya ya nufi bakin kogi.

Ta kara na'urar a ido. Zinariya ta gyara zama, ta kalli gilashin kai tsaye.

"Haka ya ishe su, ɗiyata, ko in cire ɗankwalin?"

Halimatou ta tuna taron can, da hoton na yawo daga hannu zuwa hannu, da kwana goma sha biyu.

"Cire, Inna," ta ce.